Wane madubin hangen nesa ya dace da yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 8 ya matsa mini sai na saya masa madubin hangen nesa mai ido biyu, don kallon tsuntsaye idan mun je tafkin Gidimuni. A kasuwa na ga iri-iri, wani an rubuta masa 8x21, wani 10x50, wani har 30x60. Wanne zan ɗauka? Daga wata uwa, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada girman lamba ya ruɗe ki. Lambar farko ita ce ƙarfin jawowa: 8 na nufin abin da ke nisan mita 80 zai zo kamar yana mita 10. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita. Duk yadda jawowa ta ƙaru, haka rawar hannu ke ƙaruwa, filin gani kuma ya tsuke, sai balbela ta tashi yaro bai ma gano inda take ba. Ki tsaya a 6 ko 8. Mai 8x21 ya wadatar da rana, amma in da hali 8x30 ya fi shi haske da yamma. Shi 10x50 nauyinsa ya kusa kilo, na manya ne. Ƙaramin da aka rubuta wa 30x60 kuwa, yawanci lambar talla ce kawai.

Babban abin da iyaye ke mantawa shi ne tazarar idanu. Idanun yaro sun fi na babba kusa da juna, wani madubin ko an lanƙwasa shi har ƙarshe ba ya matsowa daidai da su. Don haka ki je da yaron. Ya ɗora a ido, ya matse ko ya buɗe har da'ira biyun su haɗe su zama ɗaya, ya juya maɓallin tsakiya na daidaita gani da yatsansa ba tare da wahala ba. Sannan ya kalli hasumiyar masallaci ko falwaya daga nesa. In ya ga biyu, gilasan ciki sun goce, kuma ciwon kai zai sa masa. Ki ajiye shi komai arharsa.

Ƙurar hunturu ita ce ke kashe madubi a garin nan. Kada a goge gilashi da bakin riga, rairayi zai kankare shi. A fara hure ƙurar, a share da burushi mai laushi, sannan ƙyalle mai tsabta. A mayar da shi jakarsa, kada a bar shi cikin mota a rana.

Muna roƙon ki, ki ja masa kunne sosai: kada ya taɓa kallon rana da shi ko na ƙiftawar ido, yana iya ƙona ganinsa har abada. Ranar duban jinjirin watan azumi, sai rana ta faɗi gaba ɗaya za a ba shi. Kuma ban da leƙen gidajen maƙwabta daga kan soro, ban da nuna shi wajen barikin soja.