Shin Allurar Toshe Jijiya Tana Raba Mutum da Ciwon Baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na daɗe ina fama da ciwon baya mai saukowa har ƙafata ta hagu, kuma magungunan sha sun daina yi mini aiki. An ba ni shawarar yin allurar toshe jijiya, sai dai ina jin tsoro, ga shi ina da ciwon suga. Shin allurar tana warkarwa?
Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Gaskiyar magana ita ce, wannan allura tana rage raɗaɗi na wani lokaci ne, ba ta cire abin da ya haddasa shi. Jijiya ce ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, don haka likita yakan zuba maganin kashe zafi, kamar lidocaine ko bupivacaine, a kusa da jijiyar da ake zargi, yana kallon hoton na'ura domin kada allurar ta kauce. Sau da yawa akan haɗa da sitiroyid saboda ya sauke kumburi.

Maganin kashe zafin yakan sake ki bayan 'yan sa'o'i, shi kuwa sitiroyid yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako guda, kafin ya fara aiki, saboda haka kada hankalinki ya tashi idan ciwon ya dawo washegari. Bayan nan wasu sukan sami sauƙi na makonni, wasu na watanni, wasu kuma ba sa ganin wani canji. Ko wannan ma yana da amfani ga likita, domin idan an toshe jijiya amma zafin bai motsa ba, alama ce cewa tushen ciwon yana wani wuri.

A ganina, babban amfanin allurar shi ne damar da take bai wa mai ciwo ya fara gashin ƙashi da motsa jiki, waɗanda raɗaɗi ya hana shi a da. Wanda ya karɓe ta ya koma ya kwanta, da wuya ya ci moriyarta sosai. Ba a kuma yawaita ta, galibin likitoci ba sa wuce sau 3 ko 4 a shekara idan da sitiroyid a ciki, domin yawansa yana raunana ƙashi.

Game da ciwon suga, sitiroyid yana ɗaga sugan jini na 'yan kwanaki, don haka ki sanar da likitanki tun kafin ranar, ki kuma yawaita gwaji bayanta. Haka nan ki faɗa masa idan kina shan maganin tsinka jini kamar warfarin, amma kada ki daina sha da kanki. Zubar jini, shigar ƙwayar cuta da taɓuwar jijiya suna iya faruwa, ko da yake ba kasafai ba. Idan bayan allurar kika ji zazzaɓi, ko ƙafar ta ci gaba da rasa ƙarfi, ko kika kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ki garzaya asibiti nan take.