Amsa kan lantarkin ƙwaƙwalwa da in'ina

Assalamu alaikum, Malam. Ka tambaya ko na'urar da ke tura ƙaramin lantarki cikin ƙwaƙwalwa ba tare da tiyata ba za ta taimaki ƙanenka da in'ina ke hana shi ciniki a Tsohuwar Kasuwa.

Ana ɗora soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri a kan fatar kai, ɗaya a gefen hagu daidai sashen da ke tsara furuci, abin da lantarkin ke jawowa kuwa yawanci ba ya wuce ƙaiƙayi da ɗan jan fata. A binciken Jami'ar Oxford ta Ingila na 2018, maza 30 masu in'ina sun yi atisayen magana na minti 20 kullum har kwana 5, suna karatu tare da wani ko suna bin bugun ma'aunin lokaci. An haɗa wa wasunsu lantarki na gaske, wasu kuma na bogi don a kwatanta. Waɗanda aka haɗa musu da lantarki na gaske sun sami sauƙi bayan mako 1, amma bayan mako 6 sauƙin ya tsaya ga karatu, bai ɗore a hira ba. Wannan ne ya fi damuna, domin hira ɗan kasuwa yake buƙata.

Don Allah kada ku sayi na'urar a intanet ku gwada a gida, musamman idan yana da farfaɗiya. Ku fara da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku nemi a haɗa ku da masanin gyaran magana. A gida kuma, idan kalma ta maƙale masa, ku daina ƙarasa masa ita, ku jira shi ya fitar da kansa.