An kama ƙanena a tasha, wani ya ce in kawo jikka hamsin a sako shi

Tambaya: Malam, ƙanena ɗan dako ne a nan Maraɗi, ba shi da wurin kwana sai tasha. An kwashe su da dare, ba ya riƙe da katin shaida. Wani mutum ya ce ya san na ciki, in ba shi jikka hamsin a sako shi. Ni ƙosai nake soyawa. In saida awakina ne?

Amsa: Ƴar'uwa, ki bar awakinki a turke. Tsarewar bincike awa 48 ce, sai da izinin mai gabatar da ƙara ake sabunta ta. Daga nan ko a sake shi ko a kai shi kotu. Gaskiya ne lokacin da aka kafa kundin laifuka a 1961 an sa bara da yawon rashin matsuguni cikin laifi, ko da yake Kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ce a 2020 irin waɗannan dokoki sun saɓa wa haƙƙin talaka.

Sai mutumin naki. Kullum muna fama da irinsa: suna zaune bakin kotu da komisariya, jaka a hammata, kowane alƙali abokinsu ne. Abin da suke saidawa shi ne tunanin nan da ya zauna wa mutanenmu, wai talaka ba ya fita sai an biya. Sun san ƙananan laifuka sau da yawa saki ake yi. Sai su karɓi kuɗi su zauna jira. In yaro ya fito, aikinsu ne. In bai fito ba, a ce kuɗi sun kasa, a ƙaro. Ba rasi, ba shaida. Kuma in magana ta tashi, ke da kika bayar kina iya shiga tuhumar cin hanci, shi ko wayarsa a kashe. Har gonar gado ake jinginarwa kan wannan, abin takaici, saboda yaron da dama za a sako.

Alhali tun 2011 doka mai lamba 2011-42 ta kafa ANAJJ, hukumar ba da taimakon shari'a don marasa ƙarfi, tana da ofis a manyan kotuna, har da ta Maraɗi. Shawara kyauta ce ga kowa. Mai kare shi a gaban alƙali kuwa sai kin nuna rashin hali, galibi da takardar shaidar talauci daga ma'aikatar magajin gari. Za a sa ki sintiri kafin ta fito, ki daure. In bai kai shekara 18 ba, haƙƙinsa ne kai tsaye. Lauyoyi yawancinsu suna Yamai, don haka kar ki yi mamaki in wanda aka naɗa masa ba lauya ba ne, mai kariya ne da kotu ta amince da shi.

Gobe da safe ki tafi ofishin ANAJJ da takardar haihuwarsa, ki riƙe ranar da aka kama shi da lokacin. Ki gaya masa kar ya dangwala hannu a takardar da ba a fassara masa da Hausa ba.