Ina danna Sync amma waƙoƙin ba sa zama a kan juna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Jidda ce, ina saka kiɗa a ɓangaren mata a bukukuwan 'yan'uwanmu Hausawa, wani lokaci har Makka ake kira na. Manhajar VirtualDJ nake amfani da ita a laftof, da ƙaramar kwanturola, wato na'urar da ake sarrafa kiɗan da ita. Idan zan fita daga waƙa zuwa wata ina danna Sync, maɓallin da ke daidaita bugun waƙoƙi biyu, lambar saurin kiɗa (BPM) ta zama ɗaya a waƙoƙin biyu, amma sai kiɗan ya riƙa karo da juna har masu rawa su tsaya suna kallona. Abin ya fi muni a waƙoƙin kalangu da tsofaffin waƙoƙin da iyayen amarya ke turo min ta WhatsApp. Laftof ɗin ne ya gaza, ko in canza manhaja?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki bar kuɗinki a jaka tukuna. Da wuya a ce laftof ne, kuma ko kin koma Serato ko rekordbox ko Traktor, wannan ciwon zai bi ki can.

Sync ba ya jin waƙa. Lokacin da kika ɗora waƙa karon farko, manhajar tana bincika ta, ta ƙiyasta bugu nawa take yi a minti ɗaya, wato BPM, sannan ta shimfiɗa layuka a kan zanen sautin, kowane layi a inda take zaton bugu ya sauka. Waɗannan layukan su Sync ke jerawa a kan juna. Idan layukan ba su zauna a kan ganga ba, allo zai nuna miki komai lafiya, kunne kuwa ya ce da sauran aiki. Abin kamar lugude ne: mata biyu za su iya yin sauri iri ɗaya, amma idan ɗaya ba ta shiga a kan lokacinta ba, taɓare ne za su yi ta karo.

Don haka ki fara lura da yadda kuskuren yake tafiya. Idan tun daga farko waƙar tana ɗan gaba ko ɗan baya, kuma tazarar ba ta ƙaruwa, to BPM daidai ne, layin farko ne ya sauka a inda bai kamata ba. Wannan ya zama ruwan dare a waƙoƙin biki, domin da yawa ana buɗe su ne da sallama ko kirarin amarya da danginta kafin ganga ta shigo, sai manhajar ta kama wata kalma mai ƙarfi ko tafi ta ɗauka bugu ne. Ki buɗe BPM Editor, wurin gyara layukan a VirtualDJ, ki faɗaɗa zanen sosai, ki wuce kirarin, ki nemo inda ganga mai nauyi ta fara sauka. Za ki ga zanen ya tashi tsaye farat ɗaya. A bakin wannan tashin za ki ajiye layin, kada ki sa shi a tsakiyar tudun. Ki kuma tabbata bugun da kika zaɓa shi ne na ɗaya a ƙirgen ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Idan kuwa sun fara tare lafiya, sai a hankali suka riƙa rabuwa, lambar BPM ce ba ta cika ba. Ƙaramin kuskure yana tara kansa. Waƙar da take 120 aka karanta ta 120.2, a kowane minti tana zamewa da milisakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma cikin minti 5 ta zame da bugu guda cur. Bayan kin daidaita farko, ki tsallaka zuwa ƙarshen waƙar ki duba. In layukan sun riga ganga, ki ɗan rage lambar. In sun makara, ki ƙara, har farko da ƙarshe su zauna. Waƙoƙin da aka haɗa a situdiyo da kwamfuta galibi a kan lamba cikakkiya suke, saboda haka in kin ga 111.97, gwada 112.

Wani lokacin lambar takan yi nisa da gaskiya gaba ɗaya. Ganin 70 a madadin 140 abu ne mai sauƙi, akwai maɓallin ninkawa da na rabawa biyu. Wanda ya fi rikita mutane shi ne kiɗan da ke tafiya uku-uku, kamar kalangu da yawa da mardum na Sudan. Manhajojin nan da kiɗan huɗu-huɗu suka saba, sai su ƙirga waƙar da ƙafa ke takawa a 90 su ce 135 ce. A nan ki kunna waƙar, ki bi takun da mata ke yi a fili, ki riƙa danna maɓallin Tap, wanda ke auna BPM daga dannawarki, a kan wannan takun har lambar ta tsaya. Kuma ko kin gyara, waƙar uku-uku da kiɗan huɗu-huɗu irin amapiano ba za su kwanta a kan juna na dogon lokaci ba, domin ƙananan bugun da ke tsakani ba su dace ba.

Sai tsofaffin waƙoƙin da kika ambata, inda nan ne nake ganin ake ɓata lokaci a banza. Makaɗi da hannunsa yake kiɗa. Idan waƙa ta yi daɗi, 'yan amshi suka ɗauka, zai ƙara wuta, in mawaƙi ya shiga dogon baiti ya sassauta. Ga shi da yawa daga kaset aka kwafo su, shi kuma kaset saurinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Irin wannan waƙa ba ta da BPM guda, don haka layuka masu tazara ɗaya ba za su taɓa bin ta daga farko zuwa ƙarshe ba. Akwai dabaru: rekordbox tana da salon bincike mai suna Dynamic, Serato tana barin ki dasa alamomi da yawa a waƙa ɗaya, VirtualDJ ma tana karɓar waƙa mai sauya sauri. Amma shawarata, ki daidaita wurin da za ki shiga da wurin da za ki fita kawai, bugu 16 ko 32, ki sa alamar Cue a nan, wadda za ta kai ki wurin da dannawa ɗaya. Tsakiyar ki bar wa makaɗi abinsa. Sau da yawa ma yankewa ta fi: ki jira ƙarshen amshi, ki sauke wannan, ki saki waccan a kan bugun farko. Iyayen amarya waƙarsu suke son ji yadda suka san ta, ba ruwansu da tsawon haɗin da kika yi.

Akwai kuma inda layuka daidai suke, amma ke ce sautin ke iso wa a makare. In kina haɗa sifika ko hedifon ta Bluetooth, ki daina, jinkirinsa yakan wuce milisakan 100. Kebul za ki sa. A Windows ki zaɓi direban ASIO na kwanturolarki, wato manhajar da ke kai mata sauti ba tare da jinkiri mai yawa ba, ki gwada bafa (yawan sautin da laftof ke tarawa kafin ya fitar) 256, wanda a 44.1 kHz jinkirinsa bai kai milisakan 6 ba. In sauti ya fara karce-karce, ki koma 512. Sannan ki duba inda aka ajiye miki tebur. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, to in an kai ki lungun zauren biki mai nisan mita 20 daga sifikoki, abin da ke shiga kunnenki ya makara da kusan milisakan 60 a kan na hedifon. Ko ki saurari waƙoƙin biyu a cikin hedifon, ko ki ajiye ƙaramar sifika a gefenki.

Duk wannan gyaran a gida ake yin sa da rana. Ki roƙi dangin amarya su turo waƙoƙinsu kwana biyu ko uku kafin biki, kuma a matsayin fayil, domin wadda aka ɗauka da waya daga bakin sifika ba ta da zanen da za ki gane ganga a ciki. A wurin biki kuma, in kin ji an fara zamewa, kashe Sync, ki ɗan tura gefen faifan kwanturola gaba in sabuwar waƙar ta makara, ko ki ja shi baya in ta yi gaba. Ki riƙa gwada wannan a gida da allon laftof a rufe rabi, har hannunki ya saba.