Namiji a ɗakin haihuwa: wariya ce ko kunya?

Ɗan'uwa, ka ce kana karatun likita, kana sha'awar fannin mata da haihuwa, amma mata na ƙin yarda ka duba su, kana tambaya ko wariya ce.

Idan mace ta ce 'yar'uwarta mace take so ta duba ta, haƙƙinta ne, kada ka riƙe ta a zuci. Inda aka zalunce ka shi ne ungozoma ta tare ka a bakin ƙofa tun ba a tambayi mai naƙudar ba, ko asibiti ya ƙi ɗaukarka aiki don kawai kai namiji ne. Haka ɗalibi zai gama bai taɓa karɓar haihuwa ba, gobe a tura shi asibitin ƙauye shi kaɗai, jini ya ɓalle wa wata da tsakar dare. Wa ya cutu?

Malamai dai sun halatta namiji ya duba mace bisa lalura. Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, dubban masu yoyon fitsari ya yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

Ka riƙa gabatar da kanka, ka nemi izini, nas mace na tsaye kusa.