Baki daban, murya daban

Ka tambaye ni ko editan fim ɗin O.K. Connery bai san aikinsa ba ne, tunda jarumi yana rufe baki magana na ci gaba da fita. Yarona, kada ka ɗora wa mutumin laifin da ba nasa ba. Ranar da aka ɗauki hoton, ba a ɗauki wannan muryar ba.

Fim ɗin Italiya ne na 1967, Alberto De Martino ya ba da umarni. Tun fitowar Dr. No a 1962 James Bond ya mamaye kasuwa, sai furodusoshin Roma suka duƙufa wajen fitar da finafinan leƙen asiri masu araha, har da jarumi mai lamba 077, kwaikwayon 007 ta Bond. Masu wannan fim kuwa Neil Connery suka ɗauko, ƙanin Sean Connery mai fitowa a matsayin Bond, alhali shi Neil filastar gini ce sana'arsa, suka kewaye shi da fuskokin da aka sani a finafinan Bond: Bernard Lee, Lois Maxwell, Adolfo Celi da Daniela Bianchi. Sunan Connery da kamannin fuska suka saya. Muryar da kake ji ba ta Neil ba ce.

Haka Italiyawa ke aiki a wancan zamani. Tun shekarun 1930, lokacin mulkin Mussolini a Italiya, aka wajabta mayar da finafinan waje zuwa Italiyanci, saboda haka ƙasar ta tara gwanayen ɗora murya. Mai ƙaramin jari ya ga sauƙi a nan. Kyamara ta yi ta ƙararta, darakta ya yi ta ba da umarni ana tsakiyar ɗauka, ba mai sake fitowa don jirgi ya wuce ta sama. Bature ɗan Ingila ya yi Turancinsa, Ba'italiya ta amsa da yarenta. Daga baya a shiga sutudiyo, a yanka fim guntu-guntu, a haɗa bakin kowane guntu da ƙarshensa yana ta zagayawa a majigi, mai murya yana kallo yana maimaitawa har ta zauna. Kiɗa da ƙarar bindiga da takun ƙafa a ajiye su a layinsu daban, don a sayar wa Jamus da Faransa da Amurka kowa ya sa harshensa.

Ni ina girmama mutanen nan ƙwarai, domin da ɗan abin hannunsu suka kai fim kasuwannin duniya.

To ga abin da nake so ka ɗauka, tunda mu ma muna ɗora Hausa a kan finafinan Indiya. Idon mai kallo ba ya bin kowane harafi. Abin da yake kamawa shi ne inda leɓe ya haɗu: b, ɓ, m. Jarumi ya rufe leɓe, ka tabbata ɗaya daga cikinsu ya faɗo daidai wurin, ko da sai ka canja kalma. Sai farkon magana da ƙarshenta. Tsakiya tana yafewa. Kuma kada ka yanke numfashi. Mutumin da ya gama gudu yana magana ba haki, ko yaro ƙarami ya san ƙarya ce.

Ka sake kunna fim ɗin, ka kashe sauti, ka kalli leɓe kawai. Duk inda suka haɗu ka sa alama, sannan ka buɗe sauti mu ga nawa mai muryar ya kama.