Hukuncin tara tsabar azurfa masu zanen taurari domin sayarwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tara tsabar azurfa masu lanƙwasa da ƙasar Ostareliya ta fara bugawa a 2012 da zanen taurarin Crux, wani rukunin taurari na sararin samaniyar kudu. Nakan biya da katin banki ta intanet, su iso bayan makonni, in ajiye har su yi tsada. Wani abokina zai ba ni azurfa oza biyu a kan guda ɗaya. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tarawar da cin riba a kanta halal ne, zanen taurari ba hoton mai rai ba ne, hoton kan sarauniyar Ingila da ke ɗaya fuskar tsabar ma an yi rangwame a kansa, domin Sahabbai sun yi ciniki da dinaren Rumawa mai hoto.

Inda na tsaya shi ne "bayan makonni". Abin da ke hannunka azurfa ce tsantsa, oza ɗaya, wato giram 31.1, kuma sayen azurfa da kuɗi canji ne, sharaɗinsa hannu da hannu kafin a rabu. Kuɗinka sun fita nan take, tsabar kuwa tana shagon mai sayarwa. Gyaran mai sauƙi ne: wakilta amintacce a can ya karɓa a lokacin biyan, sannan ya aiko maka. Biya tun kafin a buga tsabar, ka bar shi. Musayar abokinka kuma riba ce ta haram, oza ɗaya ba ta sayen biyu. Sayar masa da kuɗi a duk farashin da kuka daidaita, a kashe a wurin.

Na san za a ce maka ai aikin da aka yi wa tsabar ya mayar da ita haja, kuma Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun halatta ƙari a kan kayan ƙira. Manyan malamai ne, Allah Ya jiƙansu, amma wannan magana ba ta tsaya ba. Fadala bin Ubaid ya sayi sarƙa ranar Khaibar a kan dinare 12, da ya warware ta ya tarar zinarinta ya fi haka, Annabi (SAW) ya hana sayar da ita sai an rarrabe zinarin da sauran kayan da ke jikinta. Sarƙa kuwa ƙira ce. A cikin Muwaɗɗa, maƙerin zinari ya yi ta bin Abdullahi bin Umar yana neman a bar shi ya ƙara ladan aikinsa, shi kuwa yana hana shi, har ƙofar masallaci. Su malaman biyu ma a kan kayan ado na halal, irin na mata, suka yi magana saboda buƙata, da sharaɗin ba a nufi kuɗi da su ba. Taka an buga mata dala 5 a jiki, kuma da bakinka ka ce ajiyar dukiya kake yi. Ko a ra'ayinsu ba ka samu mafaka ba.

Ba ka tambayi zakka ba, amma nisabin azurfa kusan giram 595 ne. Tsaba 20 sun kai, idan shekara ta zagayo ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari.

Ɗan'uwa, wasiƙarka ta nuna mini mutum mai ɗokin riba. Tsadar da ke saman nauyin azurfar tana hannun masu sha'awa ne kawai. Ran da ka matsu ka kai wa mai sayen azurfa a kasuwa, sikeli zai ɗora ta, ba ruwansa da taurari. Kada ka sa kuɗin cefane ko na bashi a ciki. Bar ta a cikin kwansonta da akwatinta da takardar shaida, kada ka goge ta, domin ƙarzuwa ɗaya tana karya farashi, idan kuma akwai ta wajibi ne ka nuna wa mai saye. Duk wanda ya ce maka tauraron da ke jiki yana jawo sa'a, ka guje shi, wannan duba ne, ba ilimin falaki ba. Wallahu a'alam.